Fuskar Mai Gadin Ƙofa ta Bakwai

A zamanin Fir'aunoni, yamma da kogin Nilu, akwai wani ƙauye a gindin dutse da mutanensa ba sa noma, ba sa su, ba sa fatauci. Sana'arsu ɗaya ce tun kaka da kakanni: su fafe kabari cikin dutse, su shafe bangonsa da farar ƙasa, su zana wa mamaci hanyar da zai bi. A wurin mutanen wancan zamani, ƙofofi bakwai ne tsakanin mamaci da gonakin hutu, kowace da mai gadinta zaune da wuƙa a hannu, kuma ba mai wucewa sai ya kira sunan mai gadin. Abin da masu zanen suka sani, ba su kuwa faɗa wa bare, shi ne zanen nan tafiya yake yi. Da an kwantar da gawa, kullum safiya sai a tarar hoton mamacin ya gusa daga wannan ƙofa zuwa ta gaba. Ran kwana na takwas, rana na taɓa kan dutse, matsafa su zo su toshe kabarin. Wanda toshewar ta riska bai gama wucewa ba, mai gadi ya sare shi, ya yi mutuwa ta biyu wadda ba tashi bayanta.

Shugaban masu zanen wani tsoho ne ana ce masa Usarhat, mutum mai ɗaurarriyar fuska, maganarsa a yini ba ta cika cokali. Dokarsa guda ce: duk abin da ke sara ko cizo ba a gama zanensa. Maciji a datse wuyansa da jan layi, zaki a hana shi ƙafafun baya, kunama a bar ta ba ƙari. Mai gadin ƙofa ta bakwai kuwa, wanda ba mahaluƙin da ya san sunansa, ba a yi masa fuska sam. Sai a bar gurbin fari fat, don mamaci ya raɓa ta gefensa ya wuce bai gan shi ba.

Ɗansa Kenna ya ba talatin baya, kuma duk ƙauyen sun yarda ba hannu kamar nasa. In ya zana tsuntsu a bango, kyanwa kan tsaya ta yi masa kwanto. Amma tun ranar da ya fara riƙe alƙalami bai taɓa jin madalla daga bakin ubansa ba. Tsohon zai zo ya tsaya a bayansa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Goge." Ya juya ya yi tafiyarsa. Kalmar nan ta zauna wa Kenna a ƙirji shekara ashirin har ta yi tsami.

Da Usarhat ya mutu, cikin kwana saba'in ɗin da masu gyaran gawa ke aikinsu, Kenna ya hana kowa shiga kabarin, ya ce shi kaɗai zai zana wa ubansa hanya. Nan ya yi abin da ransa ya daɗe yana so. Macijin nan mai ƙafafun mutum da ake zanawa a bakin kogi, ya zana shi cikakke, ba ko ɗigon ja a wuyansa. Da ya iso farin gurbin ƙofa ta bakwai, sai ya ɗauko madubin tagullar da suke jefa hasken rana cikin kabari da shi, ya dubi kansa, ya ba mai gadin fuskarsa, har da ɗan tabon da ke gefen girarsa. A ransa cewa yake, ko a lahira ne dai tsohon nan zai tsaya ya kalli aikina ba halin ya ce a goge. Wauta ce tsantsa, kuma ya san wauta ce, don ranar binnewa tabarma ya rataya ya rufe wurin.

Kwana shida hoton Usarhat yana gusawa lafiya lau. Ran na bakwai ya shige bayan tabarma. Ran na takwas da hantsi ƙanwar Kenna, Henuti, ta kawo gurasar da ake ajiye wa mamaci, ta duba ƙarshen bango ba ta ga ubanta a gonakin hutu ba. Ta fizge tabarmar. Ga tsohon a durƙushe, ga mai gadi da fuskar yayanta, wuƙar da aka zana a kan gwiwarsa kuma ta tashi sama.

Ta saki gurasar ta ɗora hannu a ka. "Yaya, me ka aikata? Mutuwa ɗaya ba ta ishe shi ba sai ka ƙara masa? Goge fuskar nan yanzu-yanzu!"

Kenna ya ɗauki dutse mai kaifi ya kankari kuncin hoton. Bango ko gezau, sai jini ya tsattsafo a nasa kuncin. Ya kwaɓa farar ƙasa ya shafa, ta gangaro ta ƙi kamawa, don bangon kabari ba ya karɓar launi bayan an kwantar da gawa.

Ya share jinin da bayan hannu, ya ce, "Ai ya san sunan mai fuskar, shi ya raɗa min shi. Ya buɗe baki ya faɗa mana! Ya gwammace a sare shi da ya ambace ni a gaban alloli."

Henuti ta ce, "Ka ji kunya, Yaya. Ubanka na bakin halaka, kai ta kanka kake yi."

Maganar ta soke shi. Ya tuna wani sirri na masu sana'ar da ba wanda ya taɓa ganin an gwada. A bangon yamma na kowane kabari akwai ƙofar ƙarya, sassaƙaƙƙiya cikin dutse, ba ta buɗewa ba ta rufewa, ita kaɗai ke karɓar launi har ranar toshewa. Ya tauna bakin alƙalamin kara, ya zana kansa a jikinta, ya bar ƙafar hagu bai zana ba don ya sami abin da zai jawo shi gida. Ya rataya ɗan allon launinsa mai gurbi uku, shuɗi da baƙi da ja. Ya miƙa wa Henuti madubin.

"Tsaya a bakin kabari ki tare rana ki jefo ta kan ƙofar nan. Ko hannunki zai tsinke kada ki sauke. In matsafa suka zo, ki san yadda za ki yi da su."

Ya sa goshinsa a kan dutsen, dutsen ya haɗiye shi.

Ya tsinci kansa a bakin wani kogi da ruwansa ba ya motsi, ba sama ba rana, sai wani haske mara daɗi kamar na cikin rumbu. A gabansa 'yar da'irar hasken madubin Henuti ke tafe a ƙasa, faɗinta bai fi faifai ba. Ƙafarsa ta hagu ba ya jin ta, jan ta yake yi. Wani kwalekwale ya taso, matuƙinsa fuskarsa na kallon bayansa, ƙeyarsa na kallon gaba.

Matuƙin ya ce, "Wane ne wannan mai warin gumi da albasa? Shekara dubu ban shaƙi rayayye ba."

"Ni ne Kenna ɗan Usarhat, mai zane. Ya kai mai duban baya, ka ƙetare da ni."

"Matattu nake ɗauka kyauta. Rayayye sai ya bar wani abu da ba zai sake samu ba. Ba ni shuɗin nan."

Kenna ya miƙa allon. Matuƙin ya lakace shuɗin da yatsa ya lashe. Daga wannan rana har ya mutu, Kenna bai sake ganin shuɗi ba, sararin sama ma toka-toka yake gani.

A tsallake ya tarar da mugun gani. Hanyar matattu a cike take da mutane a yashe, wasu ba ƙafa, wasu jikinsu ya kumbura ya yi baƙi, suna nishi ba su iya mutuwa ba su iya tashi. Wata tsohuwa ta kamo masa idon sawu. Ya gane ta, Mutemi ce mai tuya a ƙofar gidansu, wadda aka binne kwana uku kafin ubansa.

Ta ce, "Ɗan Usarhat, kai ne? Shekara hamsin hanyar nan lafiya take, don ubanka yana yanka macizansa. Wane la'ananne ne ya sako mana cikakke? 'Ya'yana sun sayar da jakinsu sun yi min akwati, ga ni a nan ko ƙofa ta fari ban gani ba."

Kenna bai iya ce mata shi ne ba. Bai ma buƙaci faɗa ba, don ƙasa ta fara girgiza, macijin ya fito daga cikin iwa yana taku da ƙafafun mutum, tsawonsa ya kai dabino uku, kowane ɓawo na jikinsa yana sheƙi yadda Kenna ya zauna ya ƙawata shi. Abin takaici, ko a wannan hali sai da wani sashe na zuciyar Kenna ya ce kai, ya yi kyau.

Macijin ya sunkuyo ya ce, "Maraba da ubana. Duk masu zane sun wulaƙanta kakannina, kai kaɗai ka cika ni. Ka zo ganin aikinka ne? Duba yadda na shimfiɗa su."

Kenna ya ce, "Na zo ne don ban gama ka ba. Wanda ya kai ka girma bai kamata ya yi tafiya a ƙasa ba. Kawo wuyanka in zana maka fukafukai."

Macijin, da yake girman kan mai zanensa ne a jikinsa, ya kwantar da wuya a kan yashi ya lumshe ido. Kenna ya tsoma alƙalami cikin ja, ya ja layi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Kan ya gangara gefe, ƙafafun suka yi ta shure-shure har suka daina. Kenna ya waiwaya yana sa ran mutanen za su tashi. Ba wanda ya tashi. Mutemi ta bi shi da ido kawai, yanzu ta san ko wane ne la'anannen, shi kuwa ya ja ƙafarsa ya wuce da kallon nan a bayansa.

Ƙofofi biyar na farko ba su ba shi wuya ba, don sau ɗari ya rubuta sunayen masu gadinsu. Ya wuce mai kan kunkuru da ke cin ruɓaɓɓen nama, ya wuce mai kan rago da idanu huɗu, ya wuce wata mai kan dorina da ke wasa wuƙa a haƙorinta, ya wuce wanda wuta ke ci a maimakon kansa, ya wuce wanda ke zaune ƙafafu a sama. Kowanne ya kira sunansa, kowanne ya kau da wuƙa yana gurnani. Hasken madubin da ke gabansa ya ragu, ya koma kamar tafin hannu, ya fara rawa. Henuti ta gaji.

A ƙofa ta shida ya kira sunan mai gadi, amma wani ya fito daga inuwar ginshiƙi ya tare hanya. Dogo ne, jikin mutum, kan dila, da ma'auni rataye a kafaɗarsa. Masu gadi duk suka kifa fuska a ƙasa. Ya ɗora tafinsa a ƙirjin Kenna, sanyin ya ratsa har ƙashin baya.

Ya ce, "Ɗan mutum, wannan zuciya tana bugawa, ba hurumina ba ce tukuna. Amma na ji nauyinta. Me ka cusa mata haka?"

"Kalma ɗaya ce, ya ubangijin ma'auni. Shekara ashirin nake ɗauke da ita."

"Kalma ɗaya, ka cika hanya da gawar gawa. Zan bar ka ka wuce don wanda ke durƙushe a gaba, ba don kai ba. Ajiye baƙin nan."

Kenna ya kankare baƙin ya zuba a tafinsa. Nan take gashin kansa da na gemunsa suka yi fari tas. Saura ja, shi ma ɗan abin da bai fi a tsoma alƙalami sau ɗaya ba.

Ƙofa ta bakwai ba ta da ado, dutse ne baƙi ƙirin. Ga Usarhat a durƙushe cikin likkafaninsa, ya ƙanƙance, kansa a sunkuye. Ga mai gadin a kan kujera, wuƙa a hannun dama a ɗage. Ya juyo ya kalli Kenna da idanun Kenna, ya yi murmushi da bakin Kenna.

Ya ce, "Tun da aka kafa ƙofar nan nake zaune a makance, matattu na wuce ni kamar iska. Kai ka ba ni ido, ka ba ni baki, ka ba ni abin da ke cikin ƙirjinka game da tsohon nan. Kwana biyu ina tambayarsa sunana, ya ƙi."

Kenna ya durƙusa gefen ubansa cikin fushi da tausayi. "Baba, faɗi mana. Kenna. Haruffa nawa ne? Har yanzu sunana ya fi ƙarfin bakinka?"

Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, "Koma gida."

Mai gadin ya yi dariya. "Bai gaya maka ba? To ni in gaya maka. Wanda aka kira sunansa a bakin ƙofa, an ɗaure shi a ƙofar ke nan har abada. Da tsohon nan ya furta, da ka faɗi matacce a duniya a daidai lokacin, ka zo ka hau kujerar nan, ba gonakin hutu, ba ma'auni, ba tashi. Ya sani sarai. Shi ya sa ya kulle bakinsa yana jiran wuƙa."

Kenna ya juya ya dubi ubansa. Kwana biyu tsohon nan yana durƙushe a ƙarƙashin wuƙa don shi, shi kuwa yana can yana zaginsa a zuci. Ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ranar mutuwar.

Sai a lokacin Usarhat ya ɗago. "Kana da shekara goma sha biyu ka zana ƙwaro a bangon gidanmu, da safe na tarar ya gusa taki guda. Ba gawa, ba kabari, ba tsafi. Tun ranar nake tsoron hannunka. Na ce in na yabe ka za ka gama abin da ba a gamawa. Na yi shiru, ga shi shirun ne ya kawo mu nan. Laifina ne. Tashi ka tafi, rana ta kusa."

Hasken madubin ya koma kamar ƙwayar dabino, ya yi ja. Wuƙar ta ƙara ɗagawa.

Kenna ya miƙe, ya tsoma alƙalami, ya kwashe sauran jan duka.

Mai gadin bai motsa ba. Ya ce, "Yi a hankali, mai zane. Jikina jikinka ne. Ka ja a wuyana, kanka ya faɗi. Ka ja a idona, ka makance. Layi ɗaya gare ka."

Kenna ya dubi hannun da ke riƙe da wuƙar. Shi ya zana shi, ya san kowace jijiya, don nasa hannun ya kalla ya kwaikwaya. Usarhat ya gane inda idonsa ya sauka, ya yunƙura yana ihu, "Kada ka yi! Ba wannan ba!" Kenna bai taɓa jin tsohon ya ɗaga murya ba sai yau.

Ya ja layin a wuyan hannun dama, siriri, miƙaƙƙe, bai yi rawa ko kaɗan ba. Wuƙa da hannu suka faɗi a kan dutse. Alƙalamin ma ya faɗi, don yatsun da ke riƙe da shi sun saki. Ƙofar ta buɗe, iska mai ƙanshin danyar alkama ta bugo.

Usarhat ya tashi da ƙyar. Bai nufi ƙofar ba, sai ya tsaya a kan layin nan, hannuwa a baya, ya daɗe yana kallo yadda ya saba. Kenna ya sami kansa yana jiran kalmar nan.

Tsohon ya ce, "Shekara hamsin ina jan layin nan, ban taɓa jan kamarsa ba. Madalla, ɗana."

Ya shige, ƙofar ta rufe.

Mai gadin ya rungume dungulminsa, ya ce, "Ka bar min ido, ka bar min hannun hagu. Kafin ka tsufa na koyi riƙe wuƙa da shi. Kowa zan bari ya wuce, kai nake jira. Ran da ka zo, in ka yi shiru in sare ka, in ka kira sunana ka hau kujerata."

Ƙafar hagu ta fizge Kenna ta baya. Ƙofofi da gawawwaki da kogi suka wuce shi a guje, ya faɗo a kan daɓen kabari.

Henuti tana bakin ƙofa, hannuwanta a sama suna karkarwa, madubin ya ƙona mata yatsu, ta tokare hanya da jikinta, matsafa uku na bayanta suna faɗa. Ta ga wani tsoho mai furfura ya rarrafo, sai da ta ga tabon girarsa ta gane shi. Ta leƙa ƙarshen bango. Ga Usarhat tsaye cikin alkama har ƙugu.

Ta ce, "Ya wuce, Yaya! Baba ya wuce!" Sai idonta ya sauka a hannunsa na dama, ya bushe ya lanƙwashe kamar tsohuwar kuɓewa. Ta ajiye madubin a hankali, ta kama hannun.

Aka toshe kabarin. Kenna ya ƙara shekara ashirin da shida a duniya yana niƙa wa wasu launi da hannun hagu, bai sake jan layi ba. Kowace shekara yakan kai gurasa kabarin Mutemi, ko da yake ya san ba mai ci. Da ciwon ajali ya kama shi, masu zane suka zo tambayar yadda yake so a yi masa ƙofa ta bakwai, ya ce su bar gurbin fari yadda aka saba, ba zai hana komai ba, amma su bari.

Henuti, ta tsufa ita ma, ta zauna a gefen shimfiɗarsa ta ce, "In ka isa, me za ka yi?"

Ya ce, "Zan kira sunan. In na hau kujerar, ni zan rufe idon da kaina, kowa ya wuce."

Masu zanen da suka leƙa kabarinsa ran kwana na takwas sun ce ba su ga hotonsa a gonakin hutu ba, ba su kuma gan shi a durƙushe ba. A farin gurbin da suka bari, fuskar wani tsoho ce ta fito, da tabo a gefen gira, idanunsa a rufe gam.